Zinariyar Jado

(Rumfar Alhaji a babbar kasuwar Maraɗi. Dillali ya kwance ƙullin tsumma, ga wani curi rawaya yana ƙyalli. Ɗan Lakkol, ɗan ƙanen Alhaji da ke karatun duwatsu a jami'a, yana gefe da jakarsa.)

Dillali: Alhaji, ranka shi daɗe, daga Jado ta sauko jiya da dare. Tun 2014 da aka buɗe wurin ba a tono irinta ba. Don kai ne, miliyan biyu.

Alhaji: Don ni ne ka ƙara, ko don ni ne ka rage?

Ɗan Lakkol: Baba, bari mu tambaye ta garinsu.

Dillali: Ikon Allah! Zinariya baki gare ta?

Ɗan Lakkol: Tsaga gare ta, kamar Bagobiri. Ruwan zafi ne ke taso da ita daga can ƙarƙashin ƙasa, ta daskare cikin jijiyar farin dutse. Kuma ba ta zuwa ita kaɗai. Akwai azurfa a jikinta, da ɗan jan ƙarfe, wani wurin har da dalma, kowace mahaƙa da nata awon. Sai a auna, a gwada da samfurin da aka ɗebo daga ramukan.

Dillali: To, da na ce Jado... mai ita ne ya taɓa zama Jado. Ita ta Samira ce.

Ɗan Lakkol: Ta Tilaberi, wadda aka buɗe a 2004? Duwatsun can sun haura shekara biliyan 2.

Alhaji: Wa ya halarci sunansu?

Ɗan Lakkol: Su ma aunawa ake yi, Baba. Namu na kudancin Maraɗi kuwa dangin na Katsina da Zamfara ne, dutse bai san iyaka ba. Kun tuna 2010, wajen Anka da Bukkuyum? Dutsen zinariyarsu cike yake da dalma, aka riƙa daka shi cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu.

Alhaji: Innalillahi. Kai, matsar da abin nan daga kusa da furata!

Dillali: Yanzu na tuna, ta Ɗan Isa ce, nan bayan Madarumfa. Ta 2021, lokacin rububi. Cikin ƙorama aka tsince ta.

Ɗan Lakkol: Wadda ruwa ya ja ba ta ɓuya. Gefenta na gogewa, ta yi faɗi, azurfar fatarta ta wanke. Gwargwadon gogewar, gwargwadon nisan da ta yi daga uwar jijiya. Masu nema ma har ƙasar suri suke ɗiba su auna, don gara na haƙo ƙasa daga zurfi.

Alhaji: Ashe garar da ta cinye mini rumbu ma'aikaciya ce.

Dillali: To yaro, in an narkar da ita fa?

Ɗan Lakkol: Nan aikin ke wuya. In an gauraya ta ramuka da yawa aka tace, asali ya ɓace.

Dillali: Alhamdu lillahi! Narkakkiya ce. Alhaji, ƙirgo.

Ɗan Lakkol: Asali ke ɓacewa, ƙarfen yana nan. (Ya zaro na'urar haska ƙarfe mai ƙirar bindiga.)

Dillali: (Ya faɗa bayan buhun gero.) Ina da iyali!

Ɗan Lakkol: Fito, curin zan harba. Jan ƙarfe... tutiya... dalma kaɗan.

Alhaji: Zinariyar fa?

Ɗan Lakkol: Ko ƙwayar gero, Baba. Irin wannan haɗi da shi ake ƙera kan famfo. Ga ma wurin murɗawar bai gama narkewa ba.

Alhaji: Kan famfo? Ranar Juma'a aka kwance na masallacina, da buta muke ta fama!

Dillali: To ai yaron ya faɗa tun farko, Alhaji, ruwa ke kawo ta. Kawo jikka biyu, ladan tsintuwa.