Duk kambun da aka yi wa marasa nauyi, a ƙugun ɗan kama yake ƙarewa

Tun watan Mayun 2025 da kamfanin restilin na WWE ya zare kambun Speed, na gajerun wasanni masu ƙayyadajjen lokaci, daga ƙugun Dragon Lee ya ɗaura wa El Grande Americano, wasu masoya restilin suke ta tafi, wai nishaɗi irin na da ya dawo. Kowa ya san wanda ke cikin hular rufe fuskar nan a lokacin. Chad Gable ne, Ba'amurke, wanda ya wakilci ƙasarsa a kokawar gasar Olamfik ta Landan a 2012. Ya sa hula yana kwaikwayon 'yan kokawar Meziko, yana cusa ɗan ƙarfe a goshin hular idan alƙalin wasa ya juya baya, ya tunkuyi abokin karawarsa da shi. Haka ya yi wa Rey Fenix a WrestleMania 41, babban taron WWE na shekara, cikin watan Afrilu, a ranar da kamfanin ya sanar da cewa zai sayi kamfanin kokawa na AAA da ke Meziko. Da Gable ya ji rauni kuma sai aka miƙa wa Ludwig Kaiser, Bajamushe, hular da kambun duka, kamar an ba shi aron riga. Dragon Lee kuwa, ɗan gidan kokawa, ƙanin Rush, wanda ya yi suna a Japan tun kafin ya zo Amurka, aka bar shi hannu Rabbana.

Masu tafin nan su ne kuma za ka ji suna kukan ina ma a dawo da ajin marasa nauyi na zamanin WCW, tsohon kamfanin da ya yi gogayya da WWE. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, gaskiya ne, amma baran da suke tunawa rabinta suka riƙe. Ɗaya rabin, wato yadda aka kashe ajin har sau uku, shi ne abin da suke yi wa dariya yanzu.

A fara da abin da ake kewa, don ya cancanci a yi kewarsa. WCW ta buɗe kambunta na marasa nauyi a watan Maris na 1996, iyakar nauyi fam 225, kimanin kilo 102, kuma a Japan aka yi wasan ƙarshe, inda Shinjiro Otani ya doke Chris Benoit. Daga nan Dean Malenko, Rey Mysterio Jr., Ultimo Dragon, Eddie Guerrero, Juventud Guerrera da Chris Jericho suka riƙa karɓa-karɓa. Duk wanda ya kalli kaset ɗin Halloween Havoc na 26 ga Oktoba 1997 a gidan kallo ya san abin da ake faɗi. Aka yi sharaɗin in Eddie ya faɗi ya rasa kambunsa, in Rey ya faɗi ya cire hularsa, suka yi kusan minti 14 a Las Vegas, har yau ana koya wa sababbin 'yan kokawa wannan wasan.

Tsalle-tsallen ba su ne sirrin ba. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Ɗauki kayen da ake kira hurricanrana: mai tashi zai dira a kafaɗun abokin karawarsa, ya maƙale wuyansa da cinyoyi, ya zube ta baya. Ido yana kan mai tashi, amma rabin aikin na wanda ke ƙasa ne. Shi zai buɗe ƙafafu ya kafe, ya tallafi ƙugun mai tashi da hannuwa biyu, ya jira har nauyin ya rinjaya, sannan ya wuntsila da kansa. In ya yi gaggawa, kayen ya zama wasan yara. In ya makara da ƙiftawar ido, mai tashi ya sauka a kan wuyansa. Abin da ya sa Rey ya haskaka ke nan, don WCW ta ajiye masa masu tarba irin su Malenko da Psicosis da Eddie. Hatta dandamalin ya taimaka. Na WCW ƙafa 18 ne kowane gefe, igiyoyinsa wayar ƙarfe ce da aka lulluɓe da roba aka ɗaure tamau, mutum ya taka ta cilla shi. Na WWE ƙafa 20 ne, igiya ce ta gaske da aka naɗe da tef, tana lotsawa ƙarƙashin ƙafa, taku ɗaya ko biyu kuma ya ƙaru kafin a kai gefe. Sai lokaci. Wasa mai kyau yana son a murɗe hannu ko gwiwa na wasu mintuna, wanda aka murɗa ya nuna yana jin ciwo, 'yan kallo su fara tausaya masa, sannan tsallen ya zo ya zama ramuwa. A Speed minti 3 ake bayarwa, wasan kambu minti 5, agogo na gudu a gefen allo. Wa zai tsaya nuna ciwo a minti 3? Sai tsalle kan tsalle, kamar an zuba gyaɗa a kasko.

Yanzu ga rabin da ba a son tunawa.

WWF, wato WWE a tsohon sunanta, ta ga abin da WCW ke yi sai ta buɗe nata ajin, iyaka fam 215. Taka Michinoku ya doke Brian Christopher ranar 7 ga Disamba 1997 ya zama zakara na farko, ya riƙe wata 10, Christian ya karɓa. Wata guda kacal Christian ya yi, aka sa Duane Gill ya kayar da shi a Nuwamban 1998. Gill ya shekara da shekaru aikinsa shi ne ya sha kaye don wasu su yi suna. Farkon 1999 aka mayar da shi Gillberg, don a yi wa Goldberg na WCW shaƙiyanci, wanda aka ce ya ci wasa 173 a jere. Goldberg yana fitowa da 'yan tsaro, ya tsaya cikin tartsatsin wuta, ya fesar da hayaƙi ta hanci. Gillberg kuwa 'yan ƙananan sandunan tartsatsi na yara ake riƙe masa, a fesa masa abin kashe gobara, ya fito yana tari, ana kunna kirarinsa ta lasifika don a nuna na Goldberg ma na bogi ne. Goldberg yana tambayar wa ke biye, shi kuma yana tambayar wa zai zama na farko, tunda a matsayin Gillberg bai kayar da kowa ba tukuna. Abin dariya ne, ban musa ba. To amma kambun yana ƙugunsa kusan wata 15, ba a ko ambatonsa, sai a Fabrairun 2000 aka tuna da shi aka ba Essa Rios. A shekarar da restilin ya fi kowane lokaci samun masu kallo, marasa nauyi na WWF ba su da abin da za su yi faɗa a kai, don an ari kambunsu an yi ba'a da shi.

WCW da ake yabo ta fi yin muni. A Janairun 2000 ta ɗaura kambun da Eddie da Rey suka zubar wa gumi a ƙugun Oklahoma. Shi Oklahoma ba ɗan kokawa ba ne, Ed Ferrara ne, ɗaya daga cikin marubutan shirin, ya sa baƙar malafa yana kwaikwayon Jim Ross mai sharhin WWF, har da karkatar da baki don yi wa ciwon shanyewar fuskar Ross izgili. Ya karɓi kambun daga hannun 'yar kokawa Madusa, bayan 'yan kwanaki aka ce ya wuce nauyi ya ajiye. Mutumin da ke rubuta wasan ya rubuta wa kansa kambu don ya zagi marar lafiya. Wata 14 bayan haka kamfanin ya shiga hannun Vince McMahon, mai WWF. Kuma tun kafin nan an ga alama: a 1996 Kevin Nash ya ɗauki Rey ya cilla shi jikin tirela kamar mashi, a Fabrairun 1999 aka cire wa Rey hular da yara ke saye.

Na uku shi ne 2007. A Great American Bash na watan Yuli, Hornswoggle, wanda rawarsa a shirin ita ce aljanin da ke zaune ƙarƙashin dandamali, ya fito ya danne Jamie Noble ya tafi da kambun. Laifin ba nasa ba ne, aikin da aka ba shi ya yi. Zuwa Satumba aka karɓe kambun, aka jingine shi, shekara 9 ba a sake jin ɗuriyar ajin ba.

Da aka dawo da shi a 2016 ma an yi ba a yi ba. Gasar Cruiserweight Classic ta mutum 32 ta yi kyau ƙwarai, har 'yan kallo suka riƙa ihun a ɗauki Cedric Alexander aiki bayan ya sha kashi a hannun Kota Ibushi. T.J. Perkins ya cinye. Daga nan sai aka shiga shirme. A Raw, shirin WWE na mako-mako, kafin marasa nauyi su fito, sai ma'aikata su ruga su naɗe igiyoyi da tef mai launin shunayya, wato an faɗa wa mai kallo ga lokacin tashi shan ruwa. Shirin 205 Live, mai iyakar fam 205 ko kilo 93, ana ɗaukarsa ne bayan an tashi daga babban shirin SmackDown, mutane sun ga taurarin da suka biya kuɗi dominsu, rabi sun kama hanyar mota. Neville da Austin Aries a share fage aka sa su a WrestleMania 33, rana tsaka, kujeru ba su cika ba. Ranar 4 ga Janairu 2022 Carmelo Hayes ya doke Roderick Strong aka narkar da kambun cikin wani kambun, shi ke nan.

Za a ce ai restilin dama wasan kwaikwayo ne, me ya yi zafi. Wannan maganar wanda bai taɓa ganin yadda ake tara jama'a ba ne, don wasan kwaikwayo ma yana rushewa in aka nuna wa mai kallo abin da ake faɗa a kai ba shi da daraja. Wasu kuma su ce a Meziko ma ana yi wa El Grande Americano tafi. Ana yi, hula kuma tana sayuwa, sai dai tafi ba ya mayar wa Dragon Lee mintunan da aka hana shi. Masu cewa yanzu ba a bukatar aji tunda Eddie ya ci babban kambu a 2004, Rey a 2006, su ƙirga mana sauran da suka tsufa a share fage.

Kwaikwayo ba shi ne abokin gaba ba. Bahaushe ya san ɗan kama, wanda zai zauna ya ɗauki muryar malami yana jan baƙi a kan tuwo da miya, kowa ya yi dariya har malamin. Amma ba a taɓa ba ɗan kama limanci don ya iya murya ba. Kama da wane ba ta wane. Kuma a restilin ɗin ma an yi kwaikwayon da ya ɗaga ajin sama. A 1998 Jericho ya kayar da Malenko, Malenko ya ɓace, Jericho ya yi makonni yana zaginsa har da mahaifinsa marigayi. Ana yi wa Malenko kirari da mai kamu 1000, sai Jericho ya fito da doguwar takarda yana karanto nasa kamu 1004, da yawansu murɗe hannu ne yake ta maimaitawa, har aka tafi talla aka dawo yana karatu. A Slamboree na watan Mayu aka zuba marasa nauyi a dandamali, wanda ya rage zai kara da Jericho nan take. Aka rage saura Juventud da wani mai hula da ake kira Ciclope, wanda ba wanda ya damu da shi. Suka kalli juna, suka yi musabaha, Juventud ya tsallake igiya da kansa. Ciclope ya sunkuya ya zare hula, sai ga Malenko. Zauren ya kusa tsagewa. An yi dariya, an yi shigar burtu, kuma duk don a ƙara wa kambun daraja aka yi.

Haka Jay Lethal a kamfanin TNA. A 2007 ya ɗauki muryar fitaccen ɗan kokawa Randy Savage da tabarau da hula da tafiyarsa, har sai ka rufe ido ka rantse shi ne. Amma in aka buga ƙararrawa kokawa yake yi ta gaske, kuma a Satumban shekarar ya danne Kurt Angle ya karɓi kambun X Division na kamfanin. Bambancinsa da Gillberg shi ne an shigo da shi ta ƙofar dariya don a ga gwanintarsa, shi ya sa da ya ajiye tabarau ya kai ga babban kambun kamfanin ROH a 2015. Abin haushin shi ne Gable ya fi Lethal iya kokawa. Da an so, da labarin hular ya ƙare da Dragon Lee ko Fenix ya zare ta a gaban dubban mutane bayan minti 20 na gumurzu. Aka zaɓi ɗan ƙarfe a goshi da agogon minti 5.

Japan ta nuna ba wani abin wahala ba ne. Kambun marasa nauyi na IWGP, na kamfanin New Japan, yana nan tun 1986, iyaka kilo 100, Jushin Liger ya riƙe shi sau 11, kuma kowace shekara ana ware makonni ga gasar Best of the Super Juniors, su ke buɗe taro su ke rufewa. Suna da 'yan barkwancinsu su ma, amma ba a kashe ajin dominsu ba.

In WWE na son ajin, ta ba shi minti 15 a tsakiyar shiri, da igiya irin ta kowa, ta ajiye masu tarba biyu ko uku da suka san aiki, kambun kuma ya yi nesa da duk wanda ya shigo da rigar wani. In ba ta so, ta daina ƙera bel tana ɓata fata da ƙarfe. Yanzu da AAA ke hannunta, tana da marasa nauyi fiye da waɗanda WCW ta taɓa tarawa a 1997, kuma wanda ta fi tallatawa a cikinsu Bajamushe ne sanye da hular Ba'amurke.