Mai jinya ma a ce mata sannu

Jiya na je duba yayana a Agege. Shekara 2 ke nan yana fama da ciwon ƙoda, hawan jini ne ya jawo masa. Ina zaune 'yan dubiya suka yi ta shigowa: "Alhaji ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Matarsa na tsaye bakin ƙofa da buta a hannu, ko kallonta ba wanda ya yi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Likita ya ce wankin ƙoda sau 3 a mako, kowanne kusan awa 4. Kuɗinmu ba ya kaiwa, wani makon sau ɗaya ake yi. Ranar zuwa asibiti tun kafin asuba take tashi, ta yi masa wanka, ta riƙo shi su shiga danfo, motar hayar Legas, ga cunkoson Legas, ga kuɗin mota da ya hau tun da aka cire tallafin mai a 2023. Rumfarsa ta albasa a kasuwar Mile 12 tana hannun yara. 'Yan kunnenta na zinare sun tafi, keken ɗinkinta ya bi su. Tukunya biyu take ɗorawa, tasa ba gishiri, ruwan shansa ma sai ta auna. Babbar 'yarsu ta daina zuwa Islamiyya saboda renon ƙanne.

Kuma ciwo yana canza hali. Mutumin da ba ya ɗaga murya yanzu abu kaɗan sai faɗa, kuma a kanta yake saukewa, don ita ce a kusa. Da a gida Katsina ne, da uwa da 'yan'uwa sun yi karɓa-karɓa. A nan ɗaki ɗaya ne, ita kaɗai. Ranar da ta ce ta gaji, sai a ce ba ta da haƙuri.

Abin da ya fi ɓata mini rai: da ita ce a kwance, da tuni an ba shi shawarar ya mayar da ita gidan iyayenta, wasu har su ce ya ƙaro aure. Mun sha gani.

Da zan tafi na ce, "Anti, ke ya naki jikin?" Ta yi shiru, sai hawaye. Ashe wata 3 tana fama da ciwon baya, ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar Asabar ni zan kai shi asibiti, ita ta kwanta ta yi barci.