Girgizar da ke ɓata bincike a sararin samaniya, da inda ya kamata mu sa kuɗinmu

Akwai wani ƙanena da ke gyaran waya a Computer Village nan Ikeja, ranar da na kai masa ziyara na tarar yana ƙoƙarin lika wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba a cikin waya, ido a kan madubi, numfashi ma riƙewa yake. Maƙwabcinsa na tada janareta sai ya ajiye kayan aikin yace min Yaya bari mu jira, in dai teburin nan na rawa duk abinda na lika sai na sake. Ni ban ma ji teburin na motsi ba, amma shi hannunsa ya ji. Daga baya tsohuwar taya suka samo suka ɗora janaretan a kai, aka ɗan samu sauƙi.

Irin wannan matsalar ce fa ke damun masana a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke zagaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 daga ƙasa, kuma tun Nuwamban 2000 ba'a taɓa barinta ba mutum a ciki ba. Da yawanmu mun ɗauka can babu maganaɗisun ƙasa shi yasa mutane ke yawo kamar auduga, alhali ƙarfin janyowar ƙasa a wannan nisan ya kai wajen kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a nan. Abinda ke faruwa shine tashar faɗuwa take yi kullum, amma saboda gudun da take na kusan kilomita 28,000 a awa sai ta riƙa kewaye duniya duk minti 90 ba ta taɓa ƙasa ba, komai na ciki kuma tare suke faɗuwa, don haka babu mai danne wani.

To me ake nema da wannan yanayin? Duk wadda ta taɓa tace gasara ta san in aka bar ruwan ya natsu mai nauyi zai kwanta ƙasa, ruwa ya tsaya sama. A can hakan baya faruwa, ba kwanciya ba tasowa, ko wutar kyandir a dunƙule take ci kamar ƙwallo saboda iska mai zafi bata tashi sama. Shi yasa ake kai sinadaran furotin su daskare a hankali kamar ƙwayar gishiri, don a ga ainihin siffarsu a haɗa magani da ita, ake narka ƙarafa, ake nazarin yadda ruwa da wuta ke tafiya in an cire musu nauyi. Duk wannan aikin natsuwa yake so, irin natsuwar da ake aunawa da kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin da muka sani.

Amma tashar nan gida ce da mutane ke kwana a ciki, kuma gida baya shiru. Fankoki basa tsayawa don in iska bata zagaya ba numfashin mutum zai taru a fuskarsa, ga famfunan sanyaya na'urori, ga manyan faifan sola da ke juyawa suna bin rana, ga jiragen kaya da ke zuwa su manne da jikinta, ga injinan da ake kunnawa lokaci lokaci a ɗaga ta sama saboda 'yar iskar da ke wurin tana rage mata tsayi. Sannan su kansu 'yan sama jannatin dole su motsa jiki wajen awa biyu kullum in ba haka ba ƙashi da tsoka su lalace, kuma mutum na gudu a kan injin tsere kowane taku sai ya bi ƙarfen tashar. Wani ma hannu kawai zai sa ya tura bango ya wuce, shi kenan ruwan da ke cikin kwalbar gwaji ya kaɗa. A Yulin 2021 kuwa da sashen Nauka na Rasha ya iso, injinansa suka tashi ba'a umarce su ba har suka juya tashar gaba ɗaya sau ɗaya da rabi kafin a shawo kanta.

Masana basu zauna ba. Cibiyar Glenn ta hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, da ke Cleveland na da na'urorin SAMS da aka baza a tashar suna auna kowace girgiza, don mai bincike ya duba ya ga ko abinda ya gani a sakamakonsa gaskiya ne ko kuwa wani ne ya hau injin tsere a daidai lokacin. Akwai kuma ARIS, wanda ke riƙe akwatin gwaji gaba ɗaya, in ya ji motsi sai ya tura ta ɗaya ɓangaren ya kashe shi, injin tseren ma akan nasa matashin aka ɗora shi. Dabarar tayar ƙanena ce dai aka kai ta ƙarshe, kuma tana aiki, sai dai tana cin kuɗi da wuri da wuta, bata kuma kashe motsin duka ba.

Anan nake da magana da mu 'yan Najeriya. A 2024 hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta sanar da yarjejeniyar tura ɗan Najeriya sama a jirgin kamfanin Blue Origin na Amurka, aka yi ta murna, nima na ji daɗi wallahi don yaranmu na buƙatar ganin nasu a can. Amma wannan tafiya ce ta 'yan mintoci, kuma in bincike muke so to gaskiyar da girgizar nan ke nunawa itace sau da yawa mutum shine babban mai ɓata gwajin. Turawa sun gane haka tun 1992 da suka harba EURECA, dandalin gwaji da ba kowa a ciki, ya yi kusan shekara yana zagaye kafin a dawo da shi. A Fabrairun 2024 kamfanin Varda ya sauko da ƙaramin kumbonsa a jihar Utah ta Amurka ɗauke da wani magani mai suna ritonavir da aka daskarar a sama, ba matuƙi ba fasinja. A ƙasa ma akwai hasumiyar Bremen a Jamus mai tsayin mita 146, inda ake sakin gwaji ya faɗo na daƙiƙa 4 da ɗoriya, gajeren lokaci ne amma tsaftatacce.

Nasan za'a ce ai mutum ke gyara abu in ya lalace, shi ke canja samfur, kuma binciken jikin ɗan adam ba zai yiwu ba sai da ɗan adam. Wannan haka yake, ban musa ba. Sai dai ƙasar da kuɗin bincikenta bai taka kara ya karya ba dole ta zaɓa, kuma mun riga mun nuna zamu iya ƙananan abubuwa, a 2017 ɗan tauraron NigeriaEduSat-1 da jami'ar fasaha ta Akure ke da hannu a ciki daga wannan tashar aka sake shi. Ita tashar kanta ana shirin sauko da ita bayan 2030, waɗanda zasu gaje ta na kamfanoni ne, wuri a cikinsu kuma da kuɗi za'a saya, wanda ya zo da ɗan akwatin gwaji mai sarrafa kansa shi zai fi samun shiga.

Shi yasa nake so jami'o'inmu, na nan Legas da su Zariya da Kano, su fara daga auna girgiza da kashe ta. Na'urar auna motsi tana cikin kusan kowace wayar zamani da ke aljihunmu, ɗalibi zai iya ɗora ta a kan teburin ɗakin gwaji ya ga abinda janareta ke yi, ya ga abinda tirelolin Apapa ke yi wa gini, ya ga yadda gidajen da ke bakin layin dogo a Agege ke amsawa in jirgi zai wuce, sannan ya zauna ya ƙera matashin da zai rage. Wannan ilimin ɗaya ne da wanda ake buƙata a sama, kuma tun kafin a kai can asibitocinmu masu manyan na'urorin hoto da masana'antun Ikeja da Ikorodu zasu amfana da shi.