Littafin mai shagon intanet ya fi mu sanin sirrinmu

Duk wanda ya taɓa raka ɗa ko ƙane shagon intanet a Birnin Kebbi lokacin rajistar JAMB ya san wannan zance. Yaron shago na cikin buga bayanai sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, wace kalmar sirri za a sa mishi?" Baba kuma zaman benci ya ishe shi, sai ya ce, "Sa duk wadda ta sawwaƙa, ɗana." Nan take yaro zai haɗa sunan ɗalibi da shekarar haihuwarsa, ya buɗe masa imel, ya kuma rubuta a wani littafi da ke gefen kwamfuta, wai don kada a manta. Na taɓa leƙa irin wannan littafi ina jiran a buga mini takarda. Sunaye ne da lambobin waya da kalmomin sirri shafi bayan shafi, ga shi a buɗe bisa tebur, duk wanda ya shigo zai iya ɗaukar hotonsa.

Ban ga laifin yaron sosai ba, shi a ganinsa taimako ya yi. Abin da ya dame ni shi ne kalmar nan ba ta tsayawa a shagon. Da ita ɗalibin zai tafi jami'a a Aliero, da ita zai buɗe Facebook, ita zai sa wa manhajar bankinsa, shekarar haihuwar nan kuma ta zama lambar sirrin katinsa na cirar kuɗi. A Jega ba ka samun ɗan kasuwar da makullin gidansa ke buɗe shagonsa da sitonsa na albasa, balle ya bar wa maƙeri kwafi. Amma a waya haka muke yi, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 dukiyar mutane da yawa ta koma cikin waya, hatta waɗanda a da ba su yarda da banki ba.

Mutane na ɗauka mai kutse wani gwani ne da ya zauna musamman yana nazarin asusunsu, shi ya sa za ka ji an ce, "Ni me gare ni da za a nema?" Ai ba kai ake nema ba, taro ake yi wa shara. Ana fasa rumbun bayanan wani kamfani, a kwashe imel da kalmomin sirrin miliyoyin mutane, sannan a sa kwamfuta ta riƙa gwada su a sauran shafuka, duk ƙofar da ta buɗe an samu. A 2013 an yi wa Yahoo kutsen da daga baya kamfanin ya amsa cewa ya shafi asusu biliyan 3. Na LinkedIn a 2012 ya faru, sai a 2016 aka ga bayanan fiye da mutum miliyan 100 a kasuwa, kuma a shekarar ce aka shiga shafukan Twitter da Pinterest na Mark Zuckerberg, mai Facebook da kansa. Rahotanni sun ce kalmarsa "dadada" ce, kuma a cikin waɗancan bayanan na LinkedIn aka tsince ta. Idan shi ya yi wannan sakaci, ban ga dalilin yi wa baban ɗalibi dariya ba. Akwai shafin Have I Been Pwned da wani ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya kafa a 2013. Ka sa adireshin imel ɗinka, zai nuna maka ko yana cikin bayanan da aka sani an sace. Kyauta ne.

Lambar kati kuwa lissafinta a fili yake. Lamba huɗu na ba da zaɓi 10,000. Da ka sa shekarar haihuwarka ka rage wa ɓarawo aiki zuwa 'yan gommai, idan ma katin zaɓenka na cikin jakar da ya sace, zuwa ɗaya.

To, maganin a bayyane yake: kowane asusu da tasa kalmar, mai tsawo, wadda ba ta da alaƙa da sunanka ko na 'ya'yanka. Sai dai wa zai haddace guda ashirin irin wannan? Babu. Nan ne nake ganin masu ba da shawara sun daɗe suna ɗora wa jama'a kayan da ya fi ƙarfinsu. Shekara da shekaru ana cewa a cakuɗa manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi, a kuma canza duk bayan wata uku. Abin da hakan ya haifar shi ne mai "Kebbi1" ya koma "Kebbi2". Bill Burr, wanda ya rubuta waɗannan ƙa'idoji a 2003 ga NIST, hukumar tsara ma'aunan fasaha ta Amurka, ya faɗa wa jaridar Wall Street Journal a 2017 cewa ya yi nadamar yawancinsu. A shekarar hukumar ta sauya matsayi: tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani, kuma ba a tilasta canji sai an ga alamar kalmar ta fita.

Shi ya sa nake goyon bayan manhajar adana kalmomin sirri, duk da na san wasu za su ɗaga gira. Aikinta kamar na amintaccen ma'aji ne. Ita ke ƙirƙiro wa kowane shafi doguwar kalma marar ma'ana, ta kulle su duka da rufaffen rubutu, kai kuma ka riƙe kalma ɗaya tak, uwar makullai. Mai wayar Android yana da ta Google a cikin wayarsa tun fil azal, mai iPhone yana da ta Apple, ga kuma Bitwarden da ake iya amfani da ita kyauta, da KeePass mai ajiya a cikin na'urarka. Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Manhajar ba ta cike kalma sai a ainihin shafin da aka ajiye ta dominsa. Idan aka turo maka mahaɗi a WhatsApp na "tallafin gwamnati" mai kama da shafin bankinka, idonka na iya ruɗuwa, ita kuwa za ta yi shiru abinta. Shirun nan gargaɗi ne.

Wani malamin makaranta ya ce mini, "Yallaɓai, wanda ya tara hatsinsa a rumbu ɗaya ai gobara ɗaya ta ishe shi." Maganarsa na kan hanya, kuma ta taɓa faruwa. A 2022 an kutsa kamfanin LastPass, mai irin wannan manhaja, aka kwafe taskokin masu hulɗa da shi. A kulle aka ɗauke su, don haka wanda uwar makullinsa ke da ƙarfi ya fi samun kariya, mai gajeriyar kalma kuwa ya shiga haɗari. Amsar da na ba malamin ita ce, ai yanzu ma rumbu ɗaya gare shi, tunda kalma ɗaya yake sawa ko'ina, bambancin kawai nasa ba shi da murfi. Da rumbun da makullinsa ke hannun shafuka ashirin, gara wanda makullinsa ke kanka kai kaɗai.

Saboda haka uwar makullin ce ta cancanci a ɓata mata lokaci. Ka jera kalmomi biyar ko shida da babu abin da ya haɗa su, irin su kwalekwale, hazo, tabarma, barkono, sirdi. (Waɗannan dai sun riga sun fito a jarida, a nemi wasu.) Kada a ɗauki karin magana, ko aya, ko baitin waƙar da kowa ya sani, domin duk abin da ke rubuce a intanet yana iya shiga jerin da kwamfuta ke gwadawa. Wayar kanta kuma a kulle ta. A gidajenmu waya na yawo daga hannun maigida zuwa na yara masu kallon bidiyo zuwa wurin mai caji a bakin kasuwa, kuma taskar da ke cikin buɗaɗɗiyar waya ba taska ba ce.

Dattijon da ƙaramar waya gare shi, wanda lambobin banki kawai yake dannawa, ba sai an takura masa da manhaja ba. Ya rubuta a takarda ya jefa cikin akwatin da yake ajiye takardun gona. Ɓarawon intanet ba ya shiga akwati. Abin da ba a so shi ne takardar ta kwana a bayan murfin waya, ko a miƙa wa mai POS kati a ce, "Danna mini, ɗana, ido ba ya gani." Kunya da yarda ne ke sa mu haka, halaye masu kyau, amma ba nan ne muhallinsu ba. Haka nan a sa wa layin waya lambar sirri, don wanda ya saci waya layin yake fara zarewa ya sa a wata, saƙonnin banki su riƙa zuwa masa.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta tsare maka: bakinka. Wani zai kira da sallama da ladabi, ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lamba shida da aka turo maka yanzu. Kana karantawa WhatsApp ɗinka ya tafi, kafin la'asar ana roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. WhatsApp na da matakin tabbatarwa na biyu a cikin saitinsa, wato wata lambar sirri ta daban da kai za ka zaɓa, minti biyu ya isa a kunna shi. Imel ma haka, kuma da shi ya kamata a fara gyara, tunda ta nan ake sake buɗe sauran asusun idan an ce an manta kalma.

Saura batun da ba mu son tunawa. Mutum na rasuwa ya bar kuɗi a manhaja, da bashin da ya rubuta a waya, magada su zauna rabon gado ba wanda ya san ta inda za a shiga. Tsaron da ya yi ƙarfi har ya hana marayu haƙƙinsu shi ma matsala ne. Ni dai uwar makullina na rubuce cikin ambulan da na liƙe, tare da takardun fili, kuma mutum ɗaya a gida ya san inda yake.