Sallarsa tasa ce, amanarmu fa?

Tun da aka fara kaɗa gangar 2027 na sake jin tsohuwar tambayar nan a majalisarmu ta bayan la'asar: "Shin namu ne?" Wani dattijo da nake ganin girmansa ne ya yi ta, kuma kowa ya gane nufinsa, wato ɗan takarar yana kallon gabas ko ba ya kallo. Na yi shiru a wurin saboda kara, amma maganar ta kwana a raina.

Ni Musulmi ne, kuma ba na cikin masu cewa a cire addini a bakin rumfar zaɓe kamar yadda ake cire takalmi a ƙofar masallaci. Wanda ya yi imani za a tambaye shi a kan komai, ya san har ƙuri'arsa tana ciki. Damuwata ita ce, addinin ya ba mu ma'auni, mu kuma mun ajiye shi mun kama suna.

Ku tuna Abu Zarr, Allah Ya yarda da shi. Sahabi ne da aka yi wa shaidar gaskiyar harshe da gudun duniya. Ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce, kuma ranar alƙiyama kunya ce da nadama, sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke nauyinta. Jama'a, Abu Zarr fa! Ba a yi shakkar imaninsa ko tsayuwar darensa ba, an dai duba ko zai iya. A Suratul Ƙasas, abu biyu 'yar dattijon Madyana ta ambata game da Annabi Musa: ƙarfi da amana. Annabi Yusuf da ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, tsarewa da sani ya kafa hujja da su. A cikinmu wa ya taɓa tsayar da ɗan takara ya auna shi da waɗannan?

A 2023 mun ga yadda aka yi. Tikitin Tinubu da Shettima ya zama abin huɗuba, wasu malamai suka mayar da shi kamar jihadi, a ɗaya ɓangaren wasu fastoci suka yi wa Peter Obi irin wannan hidimar a coci. Hayaniyar ta rufe maganar tallafin mai, alhali manyan 'yan takarar uku duk sun faɗa da bakinsu za su cire shi. Ranar 29 ga Mayu aka cire. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. A layin gidan mai ban ga an ware wa Musa farashi daban da na Bulus ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Tudun Biri. A Disambar 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a ƙaramar hukumar Igabi, mutane fiye da 80 suka rasu, da yawa mata da yara. Kafin nan, a Disambar 2020, an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, shugaban ƙasa Musulmi ɗan jihar yana Daura a lokacin. Ban ce addininsu ne ya jawo ba, Allah Ya kiyaye. Cewa nake sunan da muka zaɓa bai tsare mana ko rai ɗaya ba, kuma da yake "namu ne", bakin da yawa daga cikinmu ya yi nauyi. Da a hannun wani abin ya faru, da an ji mu.

Iyayenmu sun taɓa yin abin da ya fi haka. A zaɓen 12 ga Yunin 1993 Kiristoci da dama sun zaɓi Abiola da Kingibe, Musulmi biyu, Kanawa kuma suka fifita Bayarabe a kan ɗansu Bashir Tofa. Kowa ya duba wanda yake ganin zai fitar da shi.

Gobe in Allah Ya kai mu zan koma majalisa in samu Baba Alhaji cikin ladabi. Zan ce masa, Baba, sallar mutumin nan tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ba mu da hanyar leƙa zuciyarsa. Amma ya taɓa riƙe jiha ko ma'aikata, kuma wannan a fili yake. Mu tambayi malaman makarantar da suka yi aiki a ƙarƙashinsa ko albashinsu na zuwa, mu tambayi 'yan fansho, mu tambayi manomin da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga ko ya taɓa zuwa yi musu jaje.