Don Allah ku daina cewa sangarta ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun gidan sunan da muka je a Birni, dole in fitar da ita.

Wata baiwar Allah ta zo da ɗanta, zai kai shekara biyar amma magana sai 'yan kalmomi, ana kunna kiɗa ya toshe kunnuwa da hannu biyu ya shige bayan randa yana ta kaɗa jiki gaba da baya. Uwar ta ce lokotoro ya duba shi, otizim ne, wato lalurar ƙwaƙwalwa da ke taɓa maganar yaro da cuɗanyarsa da mutane. Ba ta rufe baki ba wata dattijuwa ta ce "ke dai kin sangarta shi, ba ni shi sati guda ki ga in bai miƙe ba." Wata ta ce mu a zamaninmu babu wannan, ciwon nasara ne, suna ake ƙirƙirowa don a ci kuɗin ONG, ƙungiyoyin nan na agaji. Aka kwashe da dariya. Matar nan ta saɓa yaron da ya wuce goyo ta fita, ko abinci ba ta jira ba.

Haba Hajiya, haba iyayenmu! A zamaninku ma akwai su, sai dai ana ce musu dolo, ana ce musu ɗan ruwa, a kulle su ɗaka har su girma babu wanda ya san me ke damunsu. Abubuwa da yawa ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro: doguwar naƙuda tana iya hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri. Shawarar jarirai in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa. Sanƙarau da ya ɓarke mana a jihar Damagaram ƙarshen 2022 zuwa 2023, ba duk wanda ya tashi ba ne ya tashi da jinsa da fahimtarsa yadda suke. Shi kuma otizim ba rashin tarbiyya ke kawo shi ba, bulala kuma ba ta cire shi. To kai da ba ka taɓa kwana da yaron ba, da wane ilimi ka ƙaryata wanda ya auna shi? Allah fa ya ce kunne da ido da zuciya duk abin tambaya ne.

Kuma maganar ba ta tsayawa inda ka yar da ita, shi ne abin da ke ƙona mini rai. Uban yaro zai ji ta a fada wajen shayi, abokai na ce masa matarka ce ta lalata shi, ya koma gida da fushi, in mai farfaɗiya ne ya daina sayen maganin da aka rubuta, alhali yanke maganin nan farat ɗaya yana dawo da faɗuwa, wani lokaci fiye da da. Uwar miji ta ce daga danginku ne. Yaron da bai ji sosai a lakol a yi ta zane shi wai taurin kai. Uwa ta daina zuwa biki da suna, ta daina kai shi asibiti don kar a gan ta, wata ma auren ne ke mutuwa a kan haka.

A yi addu'a, a yi tofi, babu mai hanawa, amma a bar su su nemi magani.

Don Allah in uwa ta buɗe baki ta faɗa miki abin da lokotoro ya ce, ki ce Allah ya ba shi lafiya, ki tambaye ta me ke firgita shi a rage masa, in rediyo ce a kashe. Ki riƙe mata ƙaramin ranar da za ta asibiti. Kai kuma malam, in kana da babur ka kai su. Don girman Allah ku daina cewa sangarta ce.