Fanka na juyawa, allo baƙi: ba Windows ba ce ta lalace

A Kaduna, da zarar kwamfutar tebur ta kama wuta amma ta ƙi tashi, sai ka ji an ce a kai ta a sake zuba mata Windows. Sau tari ba nan matsalar take ba. Muddin allo bai nuna ko tambarin HP ko Dell ba, galibi kwamfutar ba ta ma kai ga Windows ba. Ta maƙale ne a gwajin farko da take yi wa kayan cikinta.

Fara da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, domin ƙurar hunturu kan shiga raminsa. Zare wayar wuta, danne makunnin na daƙiƙa 15, buɗe maƙallan gefe biyu na RAM ɗin ka ciro shi, ka goge haƙoransa masu ruwan zinare da abin goge fensir, sannan ka mayar har ka ji ƙas. In guda biyu ne, gwada su ɗaya-ɗaya.

Batirin CR2032 da ke kan madabod (babban faifan da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa), mai volt 3, shi ma kan jawo haka idan ya mutu.

Sai tambarin ya fito sannan ta tsaya za a zargi hadis (hard disk, inda Windows da fayiloli suke), kuma ko a nan, a fara duba wayar SATA da ke haɗa shi da madabod kafin a yi maganar goge komai.